Goge: Ƙirarsa, Koyonsa da Danginsa a Duniya

Goge abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya wanda ake gogawa da ɗan baka, kuma daga wannan gugar ya samo sunansa. A ƙasar Bauchi da Gombe an san shi tun da daɗewa a wurin Hausawa da Fulani, ana jin sa a bikin aure da suna da wasan dare a dandali. Yana da ƙanwa mai suna kukuma, wadda ta fi shi ƙanƙanta da zaƙin murya. Ita ce Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka yi suna da ita.

Jikin goge rabin duma ne, a rufe bakinsa da fatar guza ko ta damo, a kafe ta, a huda rami a gefe ɗaya domin sauti ya fita. Ana soka sanda ta ratsa duman ta zama wuya. Tsirkiyar ba waya ba ce, tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki da aka tara aka ɗaure tamau. Da irin wannan gashin ake ɗaure bakan. A kan fatar akwai ɗan itace mai ɗauke da tsirkiya, makaɗa suna ce masa jaki. Kafin a fara kiɗa sai an shafa ƙaro a gashin. In ba haka ba bakan zamewa kawai zai yi, ba abin da za a ji sai shuu. Yanayi ma yana da ta cewa. Da damina fata kan saki, sai an kanga ta a wuta ko a rana, yayin da bushewar hunturu ke tsinka gashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba a koyon goge a aji, ba a kuma rubuta shi a takarda. Wasu masu goge gadon sana'ar suka yi, wasu kuma yaran gida ne da suka bi wani ubangida shekara da shekaru. Yaro ba ya fara taɓa gogen maigidansa. Aikinsa na farko ɗaukar kaya ne da yin amshi, daga nan a ba shi ƙwarya ya riƙa kaɗawa a bayan mai goge. Wannan matakin ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin a nan kunnensa ke nuna, ya haddace take iri-iri, ya san inda ake shiga da inda ake tsayawa. Da yawa sukan haɗa nasu na gwangwani su yi ta gwaji a bayan gida.

Wahalar tana hannun hagu. Wuyan goge ba shi da wata alama da za ta nuna inda za a sa yatsa, kuma ba a danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai ake yi da yatsu. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata sauti. Shi ya sa kiɗan ɗan koyo ke da wuyar saurare, maƙwabta su ne shaida. Muryoyi biyar ne ginshiƙin yawancin kiɗan, amma gwaninta tana cikin jan sauti da karya shi har ya bi hawa da saukar maganar Hausa. Gwani yakan sa goge ya ambaci sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba, masu sauraro kuma su gane.

Alaƙar goge da bori ita ce ta jawo masa baƙin jini. Kowane iska yana da takensa, na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, kuma da goge ko garaya ake kiransu. Malamai sun daɗe suna ƙyamar wannan, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a jihar Bauchi a 2001 irin wannan wasa ya ƙara ja da baya daga fili. Fiyano da kiɗan situdiyo su ma sun janye samari da yawa.

Sai dai goge ba na Hausa kaɗai ba ne. Dagombawan arewacin Gana suna da gonje, wanda ake kaɗa wa sarakunansu, abin da ya bambanta ƙwarai da matsayinsa a nan. Yarabawa suna ce masa goje, da shi Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi fice a kiɗan sakara. A Senegal akwai riti, a Habasha masinko mai jiki kusurwa huɗu, Larabawan ƙauye suna da rababa, Sinawa kuma erhu mai tsirkiya biyu da fatar mesa. Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, duniya ta san shi da jita har ya ci kyautar Grammy, amma yana kaɗa njarka, gogen Songhai, kuma wanda ya saba da goge zai ji sawunsa a cikin jitar tasa. Yanzu mai koyo a Azare ko Kumo yana iya sauraron duk waɗannan a wayarsa, ya gwada takensu a kan tsagiyarsa.