Gaishe da wanda ba ka sani ba a tasha, kasuwa da bakin hanya: tambayoyi da amsoshi

Dole ne in gaishe da mutumin da ban sani ba?

Fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi. Haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, littafin fiƙihun da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Idan mutum ɗaya cikin taro ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa yin sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba yana cikin mafi alherin ayyukan Musulunci, kuma aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta, ko da irinta.

Wa zai fara?

Ƙarami ya gaishe da babba, mai wucewa ya gaishe da na zaune, wanda ke kan abin hawa ya gaishe da mai tafiya a ƙasa, 'yan kaɗan su gaishe da masu yawa. Saboda haka idan ka shiga motar haya ko Adaidaita Sahu ka tarar da fasinjoji, kai ne mai sallama.

Bayan sallama me zan ƙara?

Dubi lokaci, ka dubi abin da mutum yake yi. Da safe "ina kwana", da rana ta yi "ina wuni". Ɗan kasuwa "ya kasuwa", mai gyaran taya "sannu da aiki", 'yan majalisa a ƙofar gida "sannunku da hutawa". A asibiti, wanda ka gani zaune da fulas da tabarma kusa da gado mai jinya ne, sai ka ce "ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Idan ka iske ana cin abinci za a ce maka "bismilla", amsar ita ce "alhamdulillahi, a ci lafiya."

Gaisuwa biyu ko uku sun wadatar ga baƙo. Tambayar iyali da yara ɗaya bayan ɗaya ta wanda aka saba da shi ce.

Da wane suna zan kira shi tunda ban san sunansa ba?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. "Malam" ya dace da kusan kowane namiji baligi, "Malama" ko "Hajiya" ga mace. Dattijo mai furfura "Baba", tsohuwa "Mama" ko "Inna". Jami'i a ofis ko a shingen hanya "Yallabai" ko "ranka ya daɗe". Malamin addini "Allah gafarta Malam". Sa'anka kuwa "ɗan'uwa" ko "bawan Allah". Abin da ba ya kyau ko kaɗan shi ne ka ƙwala wa babba "kai!" ko "ke!", ko ka tsayar da shi da tafi. Kiran matashiya "Mama" ma yakan ɓata rai, gara "baiwar Allah".

Zan miƙa hannu?

Da dama kawai. Ga dattijo, bari shi ya fara miƙowa, ka ɗan rusuna, ka tallabe hannunka na dama da na hagu. Namiji ba ya miƙa wa macen da ba muharramarsa ba hannu, fatar baki ta isa. Idan hannunka da maiƙo ko ƙasa, miƙa wuyan hannu ka ce a yi haƙuri.

Me ya sa wani lokaci nakan yi tambaya a share ni?

Yawanci don buƙata ta riga gaisuwa. Ka tsaya a Kantin Kwari ka ce "ina layin masu shadda?" kai tsaye, ba mamaki a ce maka "Malam, ba sallama?" Amma ka yi sallama, ka ce "ya kasuwa, don Allah tambaya nake", sai ka ga an haɗa ka da yaron shago ya kai ka har wurin. Haka nan gaisuwa da ɗaurarriyar fuska, ko ido na kan waya, ba ta shiga zuciya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Idan ban san addininsa ko yarensa ba fa?

"Sannu" da "ina kwana" na kowa ne, a Jos, a Kaduna, a Sabon Garin Kano. A Yamai idan ka ce wa Bazabarme "fofo" zai ji daɗi.

Akwai lokacin da ake barin gaisuwa?

Akwai: mai salla, wanda ke bayan gida, da lokacin da liman ke huɗubar Juma'a. Wanda ke ƙirga kuɗi ko yake waya, ɗaga masa hannu ka jira ya gama.