Waiwaye: yadda sauro ya kori tsuntsun o'o har ƙarshen dutse

A watan Oktoba na 2023 hukumar kula da kifaye da namun dajin Amurka ta cire tsuntsun o'o na tsibirin Kauai daga jerin halittun da ke cikin haɗari, saboda babu sauran abin da za a kare. Masana sun daɗe da sanin haka. Rabon da a ga tsuntsun tun 1985, rabon da a ji kukansa tun 1987.

Kauai na cikin tsibiran Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik. O'o ɗinsa baƙin tsuntsu ne mai tsawon kimanin santimita 20, da ɗan rawayan gashi a cinyoyi. Mutanen tsibirin na kiransa o'o a'a, wato ƙaramin o'o (Bahaushe zai ji kamar musu ake yi masa sau biyu). Bakinsa siriri ne mai ɗan lanƙwasa, ƙarshen harshensa kuma a tsage yake kamar burushi, da shi yake zuƙe zaƙin furen bishiyar ohiya, kusan yadda sha-kauci ke yi a wurinmu. Yana haɗawa da ƙwari da ƙananan dodon koɗi, musamman lokacin ciyar da 'ya'ya.

Dangin nasa iri biyar ne, kuma ɗaya bayan ɗaya suka tafi. O'o na tsibirin Oahu ba a sake samunsa ba bayan 1837. Kiyowiya, wani tsuntsu ɗan uwansu, ya ɓace a tsakiyar ƙarni na 19. Na Molokai an yi masa ganin ƙarshe a can a 1904, na babban tsibirin Hawai kuma a 1934. Mutane kan ɗora laifin a kan masu farautar gashi, don sarakunan Hawai da rawayan gashin o'o ake saƙa musu alkyabba. Farautar ta yi ɓarna, musamman bayan shigowar bindiga. Amma an yi ɗaruruwan shekaru ana kama tsuntsayen da danƙo ana fige su ba su ƙare ba, kuma na Kauai bai ma da gashin da zai sa a matsa masa sosai.

Babban maƙiyin ta jirgin ruwa ya shigo. Hawai ba ta san sauro ba sai wajen 1826, lokacin da sauron Culex ya sauka a Lahaina da ke tsibirin Maui. Shi ne dai sauron kwata da ke hana mu barci da kuka a kunne, ba Anopheles mai kawo wa ɗan Adam zazzaɓi ba. Daga baya aka shigo da tsuntsayen waje, a jininsu akwai ƙwayar maleriyar tsuntsaye da cutar ƙuraje mai kama da agana. Baƙin sun saba da cutar, 'yan gida ba su da garkuwarta ko kaɗan. Gwajin da aka yi kan i'iwi, wani jan tsuntsun Hawai mai shan fure, ya nuna cizo ɗaya tak na sauro mai cutar yana kashe tara cikin goma.

Sanyi ne kaɗai ya tare cutar. Ƙwayar maleriyar ba ta iya kammala girma a cikin sauro idan yanayi ya yi ƙasa da kusan digiri 13, don haka dajin da ke sama da mita 1,500 ya zama mafaka. A nan Kauai ya yi rashin sa'a. Dutsen Maui ya wuce mita 3,000, na babban tsibiri ya wuce 4,000, amma ƙololuwar Kauai mita 1,598 ce kawai. Tsuntsun ya yi ta ja da baya yana hawa har ya maƙale a Alakai, tudun fadama mai hazo da laka kusa da dutsen Waialeale, inda ruwan sama na shekara kan haura mita 11. Daga nan babu gaba.

Ko a Alakai ɗin bai huta ba. Aladun da suka koma daji suna kayar da manyan tsirrai masu taushin ciki su rarake su, ramin ya tara ruwa, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa a tsakiyar kurmi. Ɓeraye kuma na hawa bishiya su cinye ƙwai. O'o a kogon tsohuwar bishiya yake sheƙa, kuma kogo ƙofa ɗaya gare shi.

An ɗauka ya ƙare, sai aka sake ganinsa a 1960. Amurka ta sa shi a jerin masu haɗari a 1967. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1968 da 1973 ta kiyasta saura 36, kuma a 1971 masanin tsuntsaye John Sincock ya gano sheƙarsa, karo na farko da masana suka ga irinta. Zuwa 1981 namiji da mace ɗaya kaɗai aka sani. Guguwar Iwa ta afka wa tsibirin a Nuwamban 1982, ba a sake ganin macen ba. O'o kuwa tare suke rera kuka, wannan ya yi nasa, waccan ta amsa. A sautin namijin da aka naɗa ana jin giɓin da yake bari. Guguwar Iniki ta 1992 ta sake yi wa kurmin kaca-kaca, a 2000 aka sa shi a jerin duniya na waɗanda suka ƙare.

Wani abin mamaki ya fito a 2008. Tun da masana suka fara yin bayaninsa a 1855 ana lissafa shi cikin tsuntsaye masu shan zumar Ostareliya da Niyu Gini, dangi mai iri sama da 180. Robert Fleischer da abokan aikinsa na cibiyar Smithsonian suka auna ƙwayoyin gado daga busassun fatun da ke gidajen tarihi, suka tarar ba su haɗa jini ba. Kakannin o'o daga wani reshen tsuntsayen arewacin duniya suka fito; cin abinci iri ɗaya ne ya ba su baki da harshe iri ɗaya. Aka ba su dangi nasu, Mohoidae, shekara 21 bayan kukan na ƙarshensu.

Yau ɗumamar yanayi ta kai sauro cikin Alakai kanta, kuma akikiki, wani ɗan tsuntsun kurmin, ya kusa ƙarewa a daji. Dabarar da aka fara a Maui a ƙarshen 2023 ita ce kiwon mazan sauro masu ɗauke da wani nau'in Wolbachia (ƙwayar bakteriya mai zama a jikin ƙwari) da bai dace da na sauron daji ba, a zuba su daga jirgi mai saukar ungulu. Namiji ba ya cizo, kuma macen da ya yi barbara da ita ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. Sharaɗin shi ne mazan kiwon su ninka na daji sau da yawa, a kuma tace su sosai, don idan mata suka sulale ciki har nau'in ya kafu a daji, ƙwai zai koma ƙyanƙyashewa. Sakin ma ba na sau ɗaya ba ne: da an tsaya, sauron gangare zai sake hawowa.