Mai ciwon sukari da 'ya'yan itatuwa: a tauna, kada a matse

Da yawa daga cikin masu ciwon sukari, ranar da likita ya tabbatar musu da ciwon, ranar suke yin sallama da 'ya'yan itatuwa, wai duk abin da ke da zaƙi guba ne. Wannan fahimta tana cutarwa, domin mutum zai bar lemo da gwaiba ya cike gurbinsu da burodi ko farar shinkafa, alhali su ne suka fi saurin tayar da sukarin jini.

Sukarin da ke cikin ɗan itace a kulle yake cikin tsokarsa, haɗe da ruwa da fiba, wato zare-zaren nan da hanji ba ya iya narkarwa. Sai haƙori ya tauna, ciki ya sarrafa, sannan sukarin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan. Wani nau'in fiba kuma yana yin kauri a hanji, ya rage saurin shigar sukari cikin jini. Da zarar an matse ruwan an zubar da tuƙar, an cire wannan birkin. A 1977 masu bincike a Ingila suka ba mutane tuffa iri uku: cikakkiya, markaɗaɗɗiya, da ruwanta, duka da sukari daidai wa daida. An shanye ruwan da sauri ninki 11 fiye da yadda aka cinye tuffar, bai ƙosar ba, kuma ya sa jiki ya fitar da insulin mai yawa, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini. Ga kuma lissafi mai sauƙi: kofi ɗaya na ruwan lemo yana cin lemo biyu zuwa uku, wanda da wuya mutum ya tauna su a zama ɗaya. Ko an rubuta a jikin kwali cewa ba a ƙara sukari ba, lissafin bai canza ba.

Hana cin 'ya'yan itatuwa kuwa ba a ga amfaninsa ba. A ƙasar Denmak an raba sababbin masu ciwon sukari nau'i na 2 gida biyu, aka ce wa wasu su rage, wasu su riƙa cin aƙalla biyu a rana. Bayan mako 12, gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, bai nuna waɗanda suka rage sun fi sauran ba. Wani babban bincike a ƙasar Sin, da ya bi mutum kusan rabin miliyan aka wallafa a 2017, ya gano cewa masu ciwon da ke cin 'ya'yan itatuwa waɗanda ba a busar ko sarrafa ba fiye da kwana uku a mako sun fi ƙarancin mace-mace da lalacewar jijiyoyin jini.

Amma awo dole ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Ma'aunin da ake koyarwa a asibiti shi ne kason da ke ɗauke da giram 15 na sukari da sitaci. Wannan ya yi daidai da ƙaramar tuffa ɗaya, ko matsakaicin lemo ɗaya, ko rabin babbar ayaba, ko rabin kofi na yankakken mangwaro, ko kofi ɗaya da kwata na kankana. Yawancin masu ciwon suna iya cin kaso biyu zuwa uku a rana, a rarrabe, ba a tara su a faranti ɗaya ba. Kankana ta yi ƙaurin suna saboda sukarinta na saurin shiga jini, amma fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Matsalar tana zuwa ne idan an zauna an cinye rabin ƙwallo. Busassun 'ya'yan itatuwa akasin haka ne: ruwa ya tafi, sukari ya tsaya. Babban cokali biyu na busasshen inabi kaso guda ne, haka ma babban dabino ƙwaya ɗaya. Nuna ma tana da tasiri, domin sitacin ayaba yana komawa sukari yayin da take nuna, don haka wadda bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi ta fi mai ɗan tsanwa tayar da sukari.

Kayan lambu kuma iri biyu ne, kada a haɗa su. Kabeji, alayyafo, latas, kokwamba, tumatir, tattasai da karas, kofi ɗaya ɗanye ko rabin kofi dafaffe ana lissafa shi kimanin giram 5 na sukari da sitaci, don haka a cika rabin faranti da su ba tare da fargaba ba. Dankali, rogo, doya da masara kuwa abinci ne na sitaci, a lissafa su tare da shinkafa, su tsaya a kwatan faranti. Giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar ci a kullum bai haɗa da dankali da rogo ba. Dankalin da aka dafa har ya narke aka dama shi ya fi wanda aka bari gutsure-gutsure saurin tayar da sukari. Fara cin ganye da nama ko ƙwai kafin a kai hannu ga sitaci yana rage hawan sukari bayan cin abinci, haka nan haɗa ɗan itace da 'yar gyaɗa ko yogot marar sukari.

Jikin kowa daban ne, shi ya sa na'urar gwajin sukari ta fi jita-jita. A gwada kafin ci, a sake gwadawa bayan awa 2. Ga yawancin manya, ana so na'urar ta nuna 80 zuwa 130 mg/dL (ma'aunin sukarin jini) kafin abinci, ƙasa da 180 bayansa. Idan wani ɗan itace yana wuce da kai wannan iyaka, ka fara rage shi zuwa rabi ka sake gwadawa kafin ka yanke hukuncin barinsa.

Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likitansa tukuna, domin ayaba, lemo, tumatir da dankali suna da sinadarin fotasiyam mai yawa, wanda raunanniyar ƙoda ba ta iya fitarwa, kuma taruwarsa a jini tana rikita bugun zuciya. Mai allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamaid kuma kada ya rage sitaci farat ɗaya ba da sanin likita ba, don sukari na iya faɗuwa. Idan ya faɗi ƙasa da 70, ga rawar jiki, ga zufa, ga jiri, to a nan ne ruwan 'ya'yan itace ke da amfani: a sha rabin kofi, a jira minti 15, a sake gwadawa, in bai hau ba a ƙara wani rabin. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake kai shi nan take.