Gidauniya: Kuɗin Waye a Cikinta?

Da an shiga watan Sha'aban, kalmar gidauniya sai ta cika gidajen rediyon Kano. Gidauniyar wane ta raba gero da sukari a Dala, ta wane ta biya wa ɗaurarru tara a Kurmawa, ta Hajiya wance ta ɗauki nauyin aikin ido kyauta. In zaɓe ya matso kuwa, sai su ninka. Amma tambayi jama'a a bakin Kantin Kwari ko a majalisar unguwa me ake nufi da gidauniya, amsar da za ka fi ji ita ce: "Ai alherin da mai gida yake yi ne." Wannan fahimtar akwai gyara a cikinta, kuma a ƙarƙashinta ne ɓarna mai yawa take samun maɓoya.

Gidauniya a yau tana nufin dukiyar da aka ware domin wata manufa ta alheri da aka faɗa a fili, aka damƙa ta a hannun amintattu su riƙa kashewa a kan wannan manufar kaɗai. Wata daga aljihun mutum ɗaya ake zuba mata, kamar gidauniyar Aliko Dangote da aka kafa a 1994, ko shirin ASR Africa da Abdussamad Isyaka Rabi'u ya ƙaddamar a 2021. Wata kuma karo-karo ce, ana kafa lambar asusu a Facebook ko a ƙofar masallaci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa domin marayu ko wani mara lafiya da ke kwance a asibitin Malam Aminu Kano. Akwai kuma masu ɗauke da sunan 'yan siyasa, irin su gidauniyar Kwankwasiyya da ta tura ɗalibai karatu ƙasashen waje da gidauniyar Ganduje da aka sani da aikin ido. Duk da bambancinsu, hukunci ɗaya ya haɗa su: kuɗin da ya shiga gidauniya ya fita daga mallakar wanda ya zuba shi, ko da kuwa sunansa ne a jikin allon.

Musulmin Kano bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, domin shi ne tushen hubusi, wanda wasu ke kira waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara ya nemi shawarar Manzon Allah (SAW), sai aka tsare asalin gonar aka yi sadaka da amfaninta, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta. An kuma yarda mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka sani, ba don ya tara dukiya ba. Jiharmu ma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Wato tun farko an raba tsakanin mai bayarwa, da mai riƙewa, da mai haƙƙi.

Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Gidauniyar da ke son a san da ita a hukumance tana yin rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sunayen amintattun da manufofinsu a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Sashe na 838 na dokar ya ce kuɗin shiga da kadarorin ƙungiya a kan manufofinta kaɗai za a kashe su, ba a raba wa 'yan ƙungiya a matsayin riba. Akwai kuma rajista da sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wanda ke sa ido kada a mayar da asusun taimako hanyar wanke kuɗin haram.

Wannan ba ya nufin duk kwabon da bai shiga bakin maraya ba an sace shi. Gidauniya tana biyan haya, tana zuba mai a mota, tana biyan akawu. Ko a zakka, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa ma'aikatan da ke tattara ta cikin rukuni takwas masu rabo. Abin dubawa shi ne gwargwado, da kuma rubutawa. Idan an tara miliyan goma domin marayu, aka kama ɗakin taro mai tsada, aka buga manyan alluna da hoton shugaba, aka sallami mawaƙa da masu ɗaukar hoto, sannan abin da ya rage aka sayi taliya, to an yi biki ne da sunan marayu. Kuma hadisin Ibnul Lutbiyya ya toshe ƙofar da aka fi bi. An aike shi karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Duk "ihsanin" da ɗan kwangilar shinkafa ya miƙa wa sakataren gidauniya a bayan fage, wannan hadisin yana kansa.

Inda zancen ya fi tsauri shi ne inda gidauniya ta haɗu da siyasa. Kowa ya san yadda ake rabon kayan azumi a mazaɓu 484 na jihar nan. Ana aiko da kati, katin ya sauka a hannun jagoran mazaɓa, shi kuma ya duba waye namu. Bazawarar da ke da 'ya'ya shida amma ɗanta na fari yana yawo da hular ɗaya ɓangaren, sai ta ji labari a maƙwabta. Wanda ya samu kuwa ya san abin da ake jira daga gare shi ranar zaɓe, tunda Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A nan sadaka ta tashi daga sadaka. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa, kuma ban san gorin da ya kai a tuna wa mutum buhun gero a kan layin jefa ƙuri'a ba.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana a kan wannan kai tsaye. Sashe na 221 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓen ɗan takara. Gidauniya ba jam'iyya ba ce. Ɗan siyasa yana da damar kafa ta, kuma da yawa sun amfani mutane da gaske, amma ba shi da damar mayar da ita ofishin kamfe.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna yadda iyakar take da siriri. A Janairun 2016 Donald Trump ya shirya taron tara kuɗi domin tsofaffin sojoji a jihar Iowa, kuɗin suka bi ta gidauniyarsa, amma jami'an kamfe ɗinsa ne suka tsara wa za a ba da lokacin da za a miƙa, ana dab da zaɓen fidda gwani. Babbar lauyar jihar New York ta kai ƙara a 2018, aka amince a rushe gidauniyar, sannan a Nuwamban 2019 kotu ta umarce shi ya biya dala miliyan 2 ga wasu ƙungiyoyin agaji, yana kan kujerar shugaban ƙasa. Kotun ta yarda cewa kuɗin sun isa ga ƙungiyoyin tsofaffin sojojin daga ƙarshe. Laifin shi ne an yi amfani da dukiyar amana wajen neman ƙuri'a. Da a nan ne, da an ce ai talakawa sun samu, me kuma ake nema?

Biyayya abu ce mai daraja a siyasar Kano, ba na raina ta. Mutanen da suka sha ɗauri da bulala a zamanin NEPU ba su saki Malam Aminu Kano ba, kuma har yau iyalai suna tuna ɓangaren da iyayensu suka tsaya a rikicin Santsi da Taɓo da ya raba jam'iyyar PRP. Sai dai waccan biyayyar a kan aƙida aka gina ta. Ta yanzu sau da yawa ta koma kare mutum ko me ya yi. Ka tambayi nawa gidauniyar mai gida ta tara, nawa ta kashe, kafin la'asar sojojin baka sun hau rediyo sun kira ka butulu ko ɗan hassada. Su ɗin dai, in gidauniyar abokin hamayya ce, su ne kan gaba wajen kiran EFCC. Mulkin doka kuwa ma'anarsa tambaya ɗaya ga namu da nasu. Da Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nemi sassauci a wajen Manzon Allah (SAW) ga matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, amsar da ya samu ita ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi.

Gaskiya ne ita ma gwamnati tana iya fakewa da doka ta murƙushe ƙungiyar da ba ta so. Wannan tsoron ne ya sa ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca a kan sashe na 839 na dokar 2020, wanda ya ba CAC damar dakatar da amintattu ta naɗa masu riƙon ƙwarya, har Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke a 2023 cewa sashen ya saɓa wa tsarin mulki. Amma wannan hukuncin bai halatta wa kowa taɓa kuɗin marayu ba. Cin amana laifi ne a kundin hukunta laifuka na Penal Code da kuma dokokin shari'a na jihar Kano, kuma wanda ya ba da gudummawa yana da bakin kai ƙara.

Kafin ka tura kuɗi, duba sunan da ke kan asusun. In na mutum ne ba na gidauniyar ba, kuɗinka sun gauraya da cefanen gidansa tun daga ranar farko, kuma ko shi mai gaskiya ne zai sha wuyar rabewa. Sunan ƙungiya ana iya bincikarsa kyauta a shafin CAC na intanet. Tambayi su waye amintattun, kuma ko dukkansu 'yan gida ɗaya ne ko 'yan hula ɗaya. Bayan an gama rabo kuma, nemi lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuce, ko da gidauniyar ta jagoranka ce.