Dokokin ƙirar mota a tseren Formula 1

Dokokin ƙirar mota a Formula 1 ƙa'idoji ne da hukumar tseren motoci ta duniya FIA mai hedikwata a birnin Paris na Faransa take fitarwa, su ke yanke girman inji, nauyin mota, faɗinta, irin taya da man da za a zuba. Kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta amma dole cikin wannan iyaka. An fara gasar duniyar ne a 1950 a Silverstone ta Ingila. Nan Gombe gidajen kallo ƙwallo ce ta mamaye su, shi ya sa in an hango tseren a talabijin sai a ɗauka direba ne komai, alhali yawancin aikin tun a gareji aka gama shi.

Fuka-fuki da ƙasan mota

Wajen 1968 aka fara ɗora wa motocin fuka-fuki domin iska ta riƙa danne su a kan kwalta, su sha kwana da gudu ba tare da sun zame ba. Na farkon dogaye ne a kan siraran ƙarafa, sai a 1969 a Sifen na motocin ƙungiyar Lotus biyu suka karye suka yi mummunan haɗari, nan da nan aka hana masu tsayin.

Daga nan injiniyoyi suka koma ƙasan mota. Lotus ta Colin Chapman ta sassaƙa cikin motar yadda iskar da ke bi ta ƙasa za ta zuƙe ta ta manne da hanya, da ita Mario Andretti ya ci gasar 1978. A shekarar ne kuma injiniya Gordon Murray na ƙungiyar Brabham ya zo da wayon da har yau ake labarinsa, ya maƙala ƙatuwar fanka a bayan mota ya ce ai don sanyaya inji ce, alhali iskar ƙasan motar take janyewa. Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita, sauran ƙungiyoyi suka tada jijiyar wuya, tsere ɗaya tak ta yi aka janye ta, nasarar dai ba a soke ba. Kafin ita ma ƙungiyar Tyrrell ta fito da mota mai taya shida wadda ta ci tsere a 1976, daga baya doka ta ce taya huɗu kawai. A 1983 aka wajabta ƙasan mota ya zama shimfiɗaɗɗe don a daƙile wannan wayon na zuƙar iska.

Inji

Renault ce ta shigo da injin turbo, mai na'urar cusa ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, a 1977, aka hana shi daga 1989. Ana cewa wasu injinan lokacin sun haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbin da za a fara tsere daga shi, amma alƙaluman sun sha bamban. A 2014 turbo ya dawo, inji mai silinda shida lita 1.6 haɗe da batir, Mercedes ta fi kowa gane kansa har ta ci kofin ƙungiyoyi sau takwas a jere zuwa 2021.

Tsaro

Bayan rasuwar direbobi Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola ta Italiya a 1994, an sa katako mai kaurin milimita 10 a ƙasan kowace mota don kar a sauke ta ƙasa da yawa, in ya cinye fiye da milimita 1 an karya doka. A kan haka aka ƙwace wa Michael Schumacher nasarar Beljiyam a shekarar. Ƙarfen halo mai kare kan direba ya zo a 2018, da farko an yi ta kushe shi wai ya ɓata kyan mota, bayan haɗarin Romain Grosjean a Baharen a 2020, inda ƙarfen ya kare kansa, surutun ya lafa.

Yanzu

Daga 2021 an ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a shekara, an fara da dala miliyan 145. Dokokin 2026 kuma sun tanadi kusan rabin ƙarfin mota ya fito daga lantarki.