Zaɓen wurin madatsar ruwa ta taswirar kwamfuta

Zaɓen wurin madatsar ruwa ta taswirar kwamfuta hanya ce da injiniyoyi ke bi su tace wuraren da suka dace da gina dam tun kafin su taka ƙafa a filin. Ana ɗora taswirori bisa juna a manhajar GIS, wato manhajar kwamfuta mai tattara bayanan taswira da nazarinsu: ta tudu da gangare, ta ruwan sama, ta irin ƙasa da duwatsu, da ta gonaki da garuruwa. Hanyar tana da amfani a yankunan da damina gajera ce, inda ruwan shekara kan zuba cikin 'yan watanni ya wuce.

Tarihi

A da, aikin na 'yan safiyo ne da hotunan da ake ɗauka daga jirgin sama. Manyan madatsun Kano, irin su Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sun riga wannan fasaha yaɗuwa.

Galibi ana danganta GIS na farko da Roger Tomlinson, wanda ya tsara shi a Kanada wajen farkon shekarun 1960 domin ƙididdige filayen ƙasar. A 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko, mai ɗaukar hotunan doron ƙasa. Amma babban sauyin ya zo ne a Fabrairun 2000, lokacin da kumbon Endeavour ya shafe kwana 11 yana auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada. Da farko, abin da aka saki game da Afirka awon mita 90 ne, wato awo ɗaya a kowace tazarar mita 90. Sai a 2014 aka saki mai mita 30, kuma kyauta.

Yadda ake aikin

Daga taswirar tudu, kwamfuta kan fitar da hanyar da ruwa ke bi da faɗin yankin da ke zubo wa kowane rafi. Abin nema shi ne matsattsen kwari mai faɗi a bayansa, domin gajeren bango ya tare ruwa mai yawa. Zurfi na da muhimmanci a ƙasar zafi, don shimfiɗaɗɗen tafki rana ce ke shanye shi: Tafkin Nasser na Masar kan yi asarar kusan kubik mita biliyan 10 na ruwa a shekara.

Daga nan sai a ba kowane sharaɗi, kamar gangare ko ruwan sama, nauyinsa, wato gwargwadon muhimmancinsa, sau da yawa bisa tsarin AHP na kwatanta sharuɗɗa biyu-biyu, wanda Thomas Saaty ya ƙirƙiro a shekarun 1970.

Iyaka da saɓani

Tauraro ba ya ganin ƙarƙashin ƙasa, don haka dole a haƙa a gwada. Dam ɗin Mosul na Iraki, da aka gina a shekarun 1980, yana zaune ne kan dutse mai narkewa a ruwa, kuma tun daga lokacin ake ta ɗura masa siminti.

Masana sun saɓa kan rabon nauyin sharuɗɗa, haka ma kan matsayin mazauna yankunan da kogi ke gangarawa bayan ya wuce dam, kamar manoma da masuntan fadamar Haɗeja da Nguru, a cikin lissafin.