Buɗaɗɗiyar manhaja: shin sayar da ita laifi ne?

Kwanan nan kalmar "buɗaɗɗiyar manhaja" ta cika bakin masu shirin fasaha a rediyo da matasan Katsina a Facebook. Yawancinsu suna ɗaukarta a matsayin manhajar kyauta, daga nan sai su yanke hukunci wai duk wanda ya kwafe ta ya sayar a intanet ya ci haram. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin ta kifar da ma'anar gaba ɗaya.

Abin da aka buɗe shi ne rubutun da aka gina manhajar da shi, don kowa ya karanta, ya gyara, ya raba. Babu inda aka hana karɓar kuɗi. Richard Stallman, wanda ya faro aikin GNU a Amurka a 1983, wato shirin gina manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa, shi da kansa ya yi wannan ciniki. Bayan ya ajiye aikinsa a jami'ar MIT, mutane suka yi ta neman manhajarsa ta yin rubutu mai suna Emacs, alhali da yawansu ba su da hanyar sauke ta. Sai ya riƙa naɗa ta a faifan tef yana aika musu, kowane a kan dala 150. Wanda ya saya kuwa yana da ikon kwafa wa abokansa, ko ma ya sayar ƙasa da haka. Lasisin GPL da ya fitar a 1989, wato takardar sharuɗɗan amfani da irin wannan manhaja da raba ta, ya amince da karɓar kuɗin kwafi ƙarara.

Saboda haka yaron da ke da ɗan shago a Ƙofar Ƙaura, ya ƙona datarsa cikin dare ya sauke buɗaɗɗiyar manhaja irin su Ubuntu (mai aiki irin na Windows) ko LibreOffice (mai aiki irin na Office), ya zuba a filas, ya tallata wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta WhatsApp, bai taka doka ba. Wahalarsa yake sayarwa, kuma a ganina guminsa ne.

Amma fa akwai sharaɗi. Kada ya goge lasisin ko sunayen waɗanda suka rubuta manhajar. Idan mai GPL ce, dole ya ba mai saye hanyar samun rubutun asali, kuma ba shi da hurumin hana shi ya kwafa wa wani. Suna da tambari ma da masu su: in ka sauya Firefox, manhajar shiga intanet, ba za ka sayar da ita da sunan Firefox ba sai da izinin Mozilla, masu wannan sunan. In kuwa mai sayarwar ya ce shi ya ƙirƙira, wannan zamba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne, masu wannan tsangwama su ne ke miƙa kwamfutarsu a sa musu Windows da Office na sata, waɗanda aka fasa makullin lasisinsu, su biya ba ko gezau. To wannan ce dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana, kuma irin wannan manhaja ce ake sa wa mutane kullum a shagunan gyaran kwamfuta.